Yadda Ake Lissafin Kuɗin Aike da Rubuta Takardar Ciniki ga Mai Sayar da Kaya ta Intanet

Na daɗe ina sayar da atamfa, shadda, mayafai da turaren wuta daga Kano ta WhatsApp da Instagram, kuma idan na waiwayi saɓanin da ya taɓa shiga tsakanina da masu saye, kaɗan ne ya taso daga ingancin kaya. Mafi yawansa a kan kuɗin aike ne: nawa ne, wa zai biya, an biya ko ba a biya ba, da abin da aka faɗa da baki ba a rubuta ba. Sabon ɗan kasuwa yakan ɗauki kuɗin aike a matsayin ƙaramin abu da za a daidaita daga baya, alhali ta nan ribar turmi biyu ko uku take zurarewa bai sani ba. Ga tsarin da nake bi tun daga lokacin da mai saye ya tambayi farashin kaya har zuwa garinsu, zuwa lokacin da saƙo ya shiga hannunsa. Alƙaluman farashin da zan kawo misali ne don a gane lissafin, sai kowa ya sa na hanyarsa a madadinsu.

Abubuwan da za a tanada

Abu na farko shi ne sikeli. Ƙaramin sikelin rataye mai nuna lamba, irin wanda matafiya ke auna jaka da shi, ya wadatar. Wanda bai samu ba tukuna yana iya roƙon mai shagon da ke da sikeli ya auna masa kayan da ya fi sayarwa sau ɗaya, ya rubuta nauyin kowanne ya ajiye. Sai tef ɗin awo irin na tela, kwalaye, leda mai kauri, buhu, salatif mai faɗi, da maka wadda ruwa ba ya wanke rubutunta.

Ana buƙatar littafin rasit mai kwafi biyu da lambobi a jere, ko manhajar waya da ke fitar da takardar lissafi. Duk biyun suna aiki, muddin kowace takarda tana da lambarta da ba ta maimaituwa. Ana kuma buƙatar littafi na daban, ko jadawali a waya, don rubuta kuɗin aike. Daga ƙarshe, a ware asusun banki ɗaya na kasuwanci zalla, wanda kuɗin cefane da na makarantar yara ba sa ratsawa ta cikinsa. Idan hali ya yi, a yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, domin mai saye ya fi sakin jiki idan sunan da ke shafinka shi ne ya bayyana a lokacin da zai tura kuɗi.

Mataki na 1: Tattara farashin hanyoyi kafin ka tallata komai

Hanyoyin aike a wurinmu kusan huɗu ne: ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu a cikin gari, motar haya daga tasha, kamfanonin kai saƙo irin su GIG Logistics da DHL, sai gidan waya na NIPOST. Kowace tana da inda ta fi dacewa. Tasha ta fi sauƙin kuɗi da sauri ga garuruwa kamar Kaduna, Zariya, Katsina, Jos da Abuja, amma mai karɓa ne zai je ya jira mota. Kamfani ya fi tsada, sai dai yana ba da lambar bibiya kuma yana iya kaiwa har gida. Kayan da za su Legas ko Onitsha da yawa sukan bi manyan motocin safa da ke tashi daga Sabon Gari.

Ka taka da ƙafarka zuwa tashar da motocin garuruwan masu sayenka suke lodi, ka tambayi kuɗin ƙaramin saƙo, matsakaici da babban buhu. Ka tambayi ɗan kamasho, ka kuma tambayi direba, domin sau da yawa bakinsu ba ɗaya ba ne. Tambaya ɗaya da sababbi ke mantawa ita ce ko ana karɓar wani abu a hannun mai karɓa a can tashar da za a sauke, da sunan kuɗin ajiya ko na sauke kaya. A ofishin kamfani kuma ka tambayi ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun daga watan Fabrairun 2020, sannan ko farashin na kaiwa gida ne ko na karɓa a ofishinsu.

Duk abin da ka samo ka rubuta shi da kwanan wata a gefensa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, don haka farashin da ya wuce wata guda sai an sake tabbatar da shi. A goman ƙarshe na azumi da makon Babbar Sallah kuwa, ko na jiya ma sai an sake tambaya.

Mataki na 2: Ƙunshe kayan, sannan ka auna

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna kaya tsirararsu, a faɗa wa mai saye kuɗi, sannan a zo a sa kwali da leda da takardun cusawa nauyi ya ƙaru. Abin da kamfani zai ɗora a sikelinsa shi ne ƙunshin da aka gama ɗaurewa, don haka shi za ka auna.

Akwai kuma abin da ya taɓa cin ribata ta mako guda. Na karɓi kuɗin aiken kilo biyu a hannun wata mai saye da ta ɗauki filalla da zanen gado, da na isa ofishin kamfani sai aka ɗauko tef aka auna kwalin, aka ce kuɗin kilo shida zan biya. Ba zalunci aka yi mini ba, ƙa'idar ce ban sani ba. Kamfanonin kai saƙo suna duba nauyi iri biyu, wato nauyin sikeli da nauyin girma, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi suke caji a kansa, saboda kaya marasa nauyi masu cin wuri suna tare gurbin wasu a mota ko jirgi. Ana samun nauyin girma ne ta hanyar auna tsawo, faɗi da tsayin kwali da santimita, a ninka su da juna, a raba da 5,000, wanda shi ne ma'aunin da DHL ke amfani da shi. Kwalin da yake da tsawo 40, faɗi 30 da tsayi 25 zai ba da 30,000, idan aka raba da 5,000 ya zama kilo 6, ko da auduga ce a ciki. Ka tambayi kamfanin da kake hulɗa da shi da wane adadi yake rabawa, ka rubuta a littafinka.

Maganin wannan shi ne a guji babban kwali ga ƙananan kaya. Yadi, mayafi da duk abin da ba ya fashewa a naɗe shi tamau a leda biyu a matse da salatif. Kwalaben humra da turare a ɗaure bakinsu da salatif, a sa kowace a ledarta, a cusa takarda a tsakani yadda ba za su bugi juna ba, kuma kada a haɗa su wuri ɗaya da farar shadda ko da mai saye ɗaya ne, domin ɗigo ɗaya ya isa ya jawo maka biyan kayan duka.

Mataki na 3: Yanke shawarar yadda za ka riƙa caji

Ainihin kuɗin aike ya fi abin da direba ko kamfani ya karɓa. A cikinsa akwai kuɗin kwali, leda da salatif, akwai kuɗin adaidaita sahun da ya kai ka tasha ya dawo da kai, akwai na ɗan dako idan kayan suna da nauyi, da katin wayar kiran direba. Wanda bai lissafa waɗannan ba daga ribarsa yake biya.

Ana iya caji ta hanya uku. Ta farko ita ce a caji mai saye daidai abin da aka kashe a kan saƙonsa, kuma ita ta fi dacewa da mai farawa. Ta biyu ita ce a yanka farashi ɗaya ga kowane yanki, misali cikin gari, jihohin maƙwabta, sauran Arewa, da Kudu, wanda yake sauƙaƙa amsa tambaya amma yana buƙatar ka yi ciniki da yawa kafin ka san matsakaicin da ba zai cutar da kai ba. Ta uku ita ce a ce aike kyauta ne, a cusa kuɗin a cikin farashin kaya. Ban cika son wannan ba sai ga wanda ya sayi kaya masu yawa, domin na kusa ne yake ƙarewa da biya wa na nesa, kuma farashinka zai zarce na maƙwabcinka a Kantin Kwari a idon wanda ke kwatantawa. Idan za ka yi ta, ka sa iyaka a rubuce: daga adadi kaza zuwa sama, zuwa garuruwa kaza, kuma zuwa tasha ko ofis kawai.

Wasu suna barin mai saye ya biya direba idan saƙo ya isa. Yana rage maka ɗawainiya, amma ka tabbata ka daidaita kuɗin da direba a gabanka ka sanar da mai saye, in ba haka ba za a faɗa masa wani farashi a can, kuma kai zai kira cikin fushi.

Mataki na 4: Karɓi cikakken adireshi kafin ka faɗi jimla

Kada ka amsa tambayar "nawa ne har da kawowa" sai ka san inda kayan za su. Wanda ya ce yana Abuja yana iya kasancewa a Wuse, yana iya kasancewa a Gwagwalada ko ma Mararaba da ke jihar Nasarawa, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce Borno yana iya nufin garin da sai an sauke kaya a Maiduguri an sake sa su a wata mota, ka ga kuɗin mota biyu ke nan. Ka nemi sunan mai karɓa, lambar waya biyu, jiha, gari, unguwa, da wata sananniyar alama kusa da gidan kamar masallaci, makaranta ko gidan mai. Ka roƙe shi ya rubuto, kada ka dogara da saƙon murya, domin idan an samu kuskure rubutunsa ne zai raba gardama.

Mataki na 5: Rubuta takardar lissafi

Takardar lissafin kaya, wadda ake kira inbois, daban take da rasit. Ita ana bayar da ita ne kafin a biya don a nuna abin da ake nema, shi kuwa rasit bayan kuɗi sun shigo ake bayar da shi. Masu sayarwa da yawa suna tsallake ta farkon, suna rubuta jimla kawai a cikin hira, sai bayan kwana uku a koma ana laluben tsofaffin saƙonni ana musu a kan ko kuɗin mota yana ciki.

A saman takardar a sa sunan kasuwanci da lambar waya, lambar takardar, da kwanan wata. Sai sunan mai saye da adireshin da ya rubuto. Kowane kaya ya samu layinsa, da bayanin da ba zai rikitar ba, wato iri, launi, yawan yadi ko turmi, farashin ɗaya da jimlarsa. Kuɗin aike ya zauna a layinsa shi kaɗai, tare da sunan hanyar da za a bi da inda za a sauke. Ga yadda takan kasance:

Takarda mai lamba 0147
Atamfa, shuɗiya mai ratsin ruwan ƙwai, turmi 3, kowanne N18,000: N54,000
Ƙunshewa da kaiwa tasha: N1,700
Kuɗin mota, Kano zuwa Kaduna, karɓa a tasha: N4,000
Jimla: N59,700
Kafin alƙalami da aka bayar: N20,000
Ciko: N39,700

A ƙarƙashin wannan a rubuta sunan banki, lambar asusu mai alƙaluma 10 da sunan da ke kan asusun. Sannan a ƙara sharuɗɗa a taƙaice, waɗanda su ne ainihin amfanin takardar: cewa farashin yana aiki na kwana biyu, cewa kaya ba sa tashi sai kuɗi sun shigo cikakku, cewa duk abin da aka karɓa a tashar saukewa yana kan mai karɓa, da kuma wanda zai ɗauki kuɗin mota idan an dawo da kaya. Wa'adin kwana biyun yana da muhimmanci, domin akwai mai saye da zai karɓi takarda ya yi shiru mako uku, sannan ya turo kuɗi a tsohon farashi bayan kaya da mota duk sun tashi.

Kada ka ƙara layin VAT a takardarka don ka ga manyan shaguna suna yi. Wanda yake da rajista da hukumar haraji kuma yake miƙa mata kuɗin shi ne yake karɓarsa, kuma karɓar haraji a zuba a aljihu laifi ne. Idan kana karɓar kuɗi ta hanyar kamfanin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack, ko kana sayarwa a Jumia ko Konga, ka tuna suna cire kasonsu kafin kuɗi su iso gare ka, don haka ka sa wannan a lissafin farashinka tun farko maimakon ka bi mai saye da neman ƙari.

Ka tura takardar a matsayin hoto ko fayil, ka nemi mai saye ya duba ya rubuto cewa ya amince. Kafin ka tura, ka sake buga lissafin a kalkuleta, ka kuma karanta lambar asusun alƙalami bayan alƙalami.

Mataki na 6: Tabbatar da shigowar kuɗi

Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ba kuɗi ba ne, domin duk biyun ana ƙirƙirar na bogi. Shaidar da za ka amince da ita ita ce ka buɗe manhajar bankinka, ka ga kuɗin a jerin shige da fice, ka ga ragowar asusunka ta ƙaru. Ko mai saye yana ta kira yana cewa mota za ta tashi, kada gaggawarsa ta sa ka saki kaya.

Wani lokaci mai saye yana da gaskiya, an cire masa kuɗi amma ba su iso ba saboda matsalar sadarwa. A nan ka lallashe shi, ka roƙi rasit ɗin da ke ɗauke da doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake ba kowace tiransifa tsakanin bankuna, domin da ita bankinsa da naka za su bi sawun kuɗin. Ka ware masa kayansa ka ajiye, amma kada su tashi, kuma kada ka matsa masa ya sake turawa nan take, saboda idan na farkon suka faɗo daga baya an shiga batun mayarwa.

Idan kuɗin suka shigo da giɓin Naira ɗari biyu ko uku, yawanci mai POS ne ya cire ladansa daga ciki. Ni nakan yafe irin wannan a karon farko, in sanar da mai saye cikin ladabi cewa nan gaba ya biya ladan daban. Akwai kuma harajin Naira 50 da ke kan tiransifar da ta kai Naira 10,000 ko fiye, wanda bai kamata ya zama abin jayayya da mai saye ba.

Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne kuɗin da suka shigo da sunan da ba na mai saye ba. Sau da yawa miji ne ko ɗan'uwa ya biya, amma akwai wata damfara da ake yi da haka. Ɗan damfara yakan tallata wa wani bawan Allah kayan da ba shi da su, ya ba shi lambar asusunka, idan mutumin ya biya sai ɗan damfarar ya turo maka rasit ɗin a matsayin nasa, ya karɓi kayanka ya ɓace. Wanda aka cuta kai zai kai ƙara, domin asusunka kuɗinsa suka shiga, kuma ana iya rufe asusun har a gama bincike. Saboda haka idan suna ya saɓa, ka tambayi alaƙarsu, kuma idan kuɗin suna da yawa ka nemi yin magana da mai asusun kai tsaye. Haka nan duk wanda ya ce ya turo fiye da ƙima, ka mayar da rarar cikin asusun da ta fito, kada ka yarda ka tura ta wani asusun dabam ko da an roƙe ka.

Da zarar ka tabbatar, ka rubuta "an biya" da kwanan wata a kan kwafinka, ka tura wa mai saye rasit mai ɗauke da lambar takardar lissafin.

Mataki na 7: Miƙa saƙo da ajiye shaida

Ka ɗauki hoton kayan kafin ka ƙunshe, ko gajeren bidiyo yana nuna adadinsu, sannan ka ɗauki hoton ƙunshin bayan an ɗaure. A jikinsa ka rubuta sunan mai karɓa, garinsa da lambar wayarsa da manyan haruffa, ka rufe rubutun da salatif mai haske. Idan ka biya kuɗin mota, ka rubuta "AN BIYA KUƊIN MOTA" a fili a gaban direba, domin wannan layi ɗaya yana hana a sake karɓar kuɗi a hannun mai saye.

A tasha, ka fi ba da saƙo ta ofishin ƙungiyar direbobi inda ake rubutawa a littafi a ba ka 'yar takarda, maimakon ka miƙa wa direban da ka tsinta a bakin titi don ragin Naira ɗari biyar. Ka ɗauki lambar wayar direba, ka kira ta a gabansa ka ji ta yi ƙara, ka ɗauki hoton lambar motar, ka tura wa mai saye duka tare da lokacin da ake sa ran isa. A ofishin kamfani kuma ka faɗi gaskiyar darajar kayan. Masu rage ta don gudun kuɗin inshora sukan yi nadama, domin idan saƙo ya ɓata abin da aka rubuta shi ake dubawa wajen biyan diyya.

Mataki na 8: Gyara idan lissafi ya kauce

Ƙa'idata a nan ita ce ba na goge takardar da na riga na tura. Idan an samu canji, sabuwa nake fitarwa mai lamba irin 0147-B, in rubuta a jikinta cewa ta maye gurbin 0147, in soke tsohuwar a littafina ba tare da na yage ta ba.

Idan mai saye ya ƙara kaya kafin na farko su tashi, ka haɗa su a ƙunshi ɗaya, ka sake aunawa, ka caje shi bambancin kawai. Karɓar kuɗin aike sau biyu a kan saƙo ɗaya yana daga cikin abubuwan da mai saye ba ya mantawa idan ya gano.

Idan ka caje shi Naira 5,000 aka karɓi 4,000 a tasha, ka sanar da shi, ka mayar masa da dubu ɗayan ko ka rubuta masa ita a cinikinsa na gaba idan ya zaɓi haka. Kuɗin aike amana ce aka ba ka ka isar.

Idan kuwa kai ne ka faɗi ƙasa da abin da aka karɓa, sai a duba musabbabin. Kuskuren awonka ko dogaro da tsohon farashi naka ne, ka cike daga aljihunka. Idan shi ne ya canza adireshi ko ya nemi a kai har gida bayan an yi maganar tasha, ƙarin nasa ne, amma ka faɗa masa kafin kaya su tashi, ka nuna masa rasit. Abin da ba a yi shi ne a saki kaya, sannan a kira mai saye suna hanya a ce sai ya ƙaro kuɗi.

Ga mai neman sai kaya sun iso zai biya, ka nemi aƙalla kuɗin mota na zuwa da na dawowa a matsayin kafin alƙalami. Wanda da gaske yake ba zai ƙi wannan ba, kuma idan ya fasa ba ka yi asarar komai ba sai lokaci.

Mataki na 9: Kayan da aka dawo da su, suka lalace ko suka ɓata

Idan kai ne ka aika launin da ba shi aka zaɓa ba, ko yadin bai cika ba, ko kayan suna da aibin da ba ka faɗa ba, kuɗin dawowa da na sake aikawa duk a kanka suke. Rubuta "ba a dawo da kaya" a shafi ba ya kare mai sayarwa a irin wannan hali, domin dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa bayanin da aka yi masa. Idan shi ne ya sauya ra'ayi kuma ka yarda ka karɓa, kuɗin mota na zuwa da dawowa nasa ne, kuma uwar kuɗin kaya kawai za ka mayar bayan ka duba ba a yanka ba, ba a wanke ba.

Ka roƙi masu saye su buɗe saƙo a ranar da suka karɓa, su turo hoto idan akwai matsala. Idan saƙo ya ɓata, kai ne za ka bi sawu tun da kai ka miƙa shi. Ka je ofishin ƙungiya da takardarka da hoton lambar mota, ko ka shigar da koke a rubuce a kamfani da wuri, domin suna da wa'adin da ba sa sauraron koke bayansa. A tsawon wannan lokaci ka riƙa sanar da mai saye halin da ake ciki ko da babu sabon labari, saboda shirunka ne yake sa ya fara zargin cewa haɗa baki kuka yi da direba ko kamfanin.

Mataki na 10: Saƙon ƙetare

Ga masu saye a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, ka rubuta takardar da kuɗi iri ɗaya, ko Naira ko Sefa, ka sa canjin ranar da wa'adinsa, ka kuma fayyace wanda zai ɗauki abin da za a biya a kan iyaka. Ga Ingila, Amurka ko Saudiyya, kamfani zai nemi takardar da ke bayyana kowane kaya da darajarsa don kwastan, kuma harajin da ƙasar mai karɓa za ta ɗora ba ya cikin kuɗin aike sai an yi yarjejeniyar haka, don haka ka rubuta wannan a fili. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka tabbatar kayan suna shiga. Kilishi da dambun nama suna cikin kayan naman da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai suka hana a aiko wa mutum daga ƙasashe irin namu, turaren fesawa kuma ana lissafa shi cikin kaya masu kama wuta a jirgin sama, haka ma batirin waya yana da ƙa'idojinsa na musamman.

A ƙarshen kowane wata nakan buɗe littafin aike in jera abu biyu a gefen juna, wato jimlar abin da na karɓa a hannun masu saye da sunan aike, da jimlar abin da na kashe a kansa har da leda da salatif. Idan na biyun ya rinjayi na farko, sai in bi layi-layi in gano garin da ke jawo giɓin, in gyara farashinsa a jadawali kafin in amsa tambayar mai saye na gaba.